Kore ko ja? Wata huɗu ina zuba fetur 95 a Camry ɗina a Jidda, ga abin da na gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa gidan mai a Saudiyya ya san tambayar nan, kana sauke gilas mai zuba man zai leƙo yace maka ahmar ko akhdar, wato ja ko kore. Koren shi ne 91, jan kuma 95, kuma ba kan famfon kawai aka yi wa kala ba, shi kansa man an rina shi, in ka tsiyaya a gora zaka ga ɗaya kore-kore ɗaya ja-ja. Mu da muka taso a gida Najeriya bamu saba da wannan zaɓin ba, can fetur fetur ne, kan famfo ɗaya, abin da kawai kake tambaya shi ne nawa lita kuma akwai layi ko babu. Shi yasa da yawanmu in mun zo nan sai mu bi abin da muka ji na gaba da mu suna faɗa, kuma abin da suke faɗa kusan ɗaya ne: ja ya fi kyau, ja ya fi auki, kore na masu tasi ne.

Ni Camry ce dani ƙirar 2015, mai silinda huɗu, injin 2.5, na saye ta hannu na biyu, kuma tun da na saya kore nake zuba mata ban taɓa jin wani abu ba. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani zuwa da nayi Makka gaishe da Kawuna, mutum ne da ya fi shekara arba'in a ƙasar nan kuma ya yi tuƙi har ya gaji. Muka fita tare bayan la'asar na tsaya shan mai, yana ji nace akhdar sai ya juyo ya kalle ni yace, "Kai ɗan nan, wannan mota mai kyau kake shayar da ita kore? Ai kashe ta kake a hankali. Ka zuba ja ka gani, tanki ɗaya sai ka manta yaushe ka sha." Nace, "Kawu ai littafinta 91 yace." Yace, "Littafi daban, hanya daban. Ni na girme wa littafin." Toh maganar babba ce, ban ja ba, nace insha Allah zan gwada Kawu. Kuma na gwada ɗin da gaske, don bana so in riƙa musu da abin da ban sani ba, balle kuma in maganarsa gaskiya ce ni ne da riba.

Yadda nayi gwajin ba wani abu ne mai wuya ba, kowa zai iya. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kar ka bari a ƙara matsa maka don a cike kuɗi, sai ka mayar da mitar tafiya sifili. Ranar da zaka sake sha ka cika haka nan, ka rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa kayi, ka raba. Na ware ƙaramin littafi a cikin mota don wannan. Wata huɗu cur ja nake zubawa, gidan mai ɗaya, hanyar aiki ɗaya, iskar taya ina duba ta duk Juma'a, sannan na koma kore na sake wasu watannin ina rubutawa. Allurar tanki kuma kar ka yarda da ita, ita ce take ruɗar mutane, don daga ful zuwa rabi a hankali take sauka, daga rabi zuwa ƙasa kuma kamar an ture ta, sai mutum ya cika da ja ya ga kwana uku allura bata motsa ba yace ai ga auki nan.

Kafin in faɗi abin da ya fito bari in yi lissafin kuɗin, don a nan ne maganar take. Tun watan Yuli na 2021 gwamnati ta ɗaure farashin, kore riyal 2.18 ja riyal 2.33, bambancin halala 15 kenan a lita (halala 100 ce riyal ɗaya). Ka ga kamar ba komai, kuma shi yasa mutane suke cewa ai ɗan kaɗan ne zuba mata mai kyau kawai. Amma in tankinka yana cin lita 60 riyal 9 kenan a duk sha, in sau huɗu kake cikawa a wata ya zama 36, a shekara 432, wannan kuɗin juyen baƙin mai ne har sau nawa. Sannan halala 15 a kan 2.18 kusan kashi 7 cikin 100 ne, ma'ana kafin ace ja ya biya kansa dole ya ƙara maka tafiya da kashi 7 ɗin, misali in tankin kore yana kai ka kilomita 600 to ja sai ya wuce 640 kafin ma a fara maganar riba. Wanda yake nan a farkon 2018 zai tuna lokacin da aka mayar da kore 1.37 ja kuma 2.04, tazarar halala 67, kusan rabin kuɗin koren, a lokacin ne mutane da yawa suka buɗe littafin motarsu karon farko suka gano ashe 91 aka rubuta musu, suka koma kore kuma motocin suna nan suna yawo har yau.

Toh sakamako. Wallahi ban ga wannan aukin ba. Wani tankin ja ya ɗara da 'yan kilomitoci, wani kuma kore ya ɗara shi, kuma da na duba sosai sai naga abin da yake kawo bambancin ba kalar man bane. Makon da na sha cunkoso a titin Madina da esi a kunne ina tsaye wuri ɗaya, ko ja ne ko kore mai yana tafiya kamar ruwa. Makon da nayi doguwar tafiya, kamar zuwa Madina da ke sama da kilomita 400 a miƙe ba birki ba tsayawa, kowanne ka zuba sai ya yi maka daɗi. Babu ko tanki ɗaya da ja ya kawo min wannan kashi 7 ɗin. Tashi da safe ɗaya ne, ƙarar inji ɗaya ce, in na taka totur a kan hanyar Haramain don wuce babbar mota ban ji wani sabon ƙarfi ba. A makon farko kam na ji kamar motar ta fi santsi, ba zan ɓoye ba, amma da na koma kore ban ji santsin ya tafi ba, daga nan na gane zuciyata ce take son kuɗin da na ƙara ya zama bai tafi a banza ba.

Abin ya dame ni sosai har na zauna na bi diddigin mene ne ma wannan lambar, kuma ina ga a nan ne kusan kowa yake kuskure. Muna ɗauka 91 da 95 kamar makin jarrabawa ne, ko kamar zinare mai lamba 18 da mai 21, mai lamba babba ya fi tsabta ya fi ƙarfi. Ba haka bane. Wannan lambar, wadda ake kira oktan, haƙurin mai take aunawa. A cikin silinda fistin yana hawa ya matse iska da mai, su yi zafi, sai fulogi ya ba da tartsatsi a daidai lokacin da ake so, wutar ta bazu a tsanake ta tura fistin ƙasa. Man da ba shi da haƙuri, kafin wutar fulogi ta iso gare shi can a lungun silinda, matsi da zafi sun sa ya fashe da kansa, sai ka ji ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman in kana hawan tudu ko ka taka totur mota tana babbar giya. Wannan ƙarar ce ake gudu, don in ta yi yawa ta daɗe tana cin kan fistin tana lalata ringi. Kuma a lura, ba ita ce abin da makanikanmu na gida suke nufi ba in sun ce inji ya yi nokin ko ya buga, su suna nufin inji ya riga ya mutu, galibi saboda rashin baƙin mai ko zafi. Wannan ta farko gargaɗi ce, inji yana aiki yana kuka.

Ita lambar kanta tun shekarun 1920 aka ƙirƙiro ta a Amurka, wani masanin sinadarai Graham Edgar. An ɗauki sinadarai biyu, ɗaya mai tsananin haƙuri da matsi wanda ake kira isooktan aka ba shi 100, ɗaya kuma mai saurin fashewa wato heptan aka ba shi sifili. In aka ce mai 91 ne ana nufin a injin gwaji yana jure matsi kamar haɗin kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun. Shi kenan. Bata ce komai a kan yawan ƙarfin da ke cikin lita ba, bata ce komai a kan tsabta ba. Abin da ya ƙara tabbatar min shi ne man dizal, wanda muke ce wa gas a gida, lita ɗayansa ta fi litar fetur ƙarfi amma oktan ɗinsa ƙasa yake sosai, don shi injin dizal so yake man ya kama da kansa in an matse, ba shi da fulogin tartsatsi ma. Ethanol kuma oktan ɗinsa ya haura 100 amma litarsa bata kai ta fetur ƙarfi ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka ga ashe lamba babba da auki ba dangin juna bane. Maganar tsabta kuma, a farkon 2024 aka sanar da cewa man ƙasar nan ya koma matakin Euro 5 mai ƙarancin sulfa, kuma wannan ya haɗa da kore da ja duka, ba a ce ja kaɗai aka wanke ba.

To wace mota ce take buƙatar mai mai haƙuri sosai? Wadda injinta yake matsewa da yawa ko take da turbo da ke cusa ƙarin iska, kuma masu ƙera ta suka saita ta a kan haka. Camry ɗina matsinta 10.4 ne a kan 1 kuma an saita ta ta ƙoshi da 91, in ka bata 95 ragowar haƙurin ba inda zata kai shi, kamar ka sayi buhu mai ɗaukar mudu arba'in alhali mudu ashirin zaka zuba. Kuma kar mutum ya zauna yana lissafin matsi da kansa yace tawa ta kai kaza don haka sai ja, Camry ƙirar 2018 mai injin 2.5 matsinta 13 ne amma har yanzu 91 take sha saboda yadda aka tsara feshin man da sanyaya ɗakin wutar. Mazda ma injinta na Skyactiv, wanda ta kai Turai inda 95 ne man yau da kullum ta yi shi 14, wanda ta kai Amurka ta sauke shi 13 don ya sha ƙaramin mansu. Wato su masu ƙerawar sun riga sun yi wannan lissafin sun rubuta maka amsa a littafi, wasu ma a cikin murfin tanki, buɗewa kawai zaka yi ka karanta. Can Amurka ƙungiyar masu motoci ta AAA ta taɓa fitar da bincike a 2016 cewa direbobi sun zubar da sama da dala biliyan 2 a shekara ɗaya wajen sayen babban mai wa motocin da ƙarami aka ce su sha, kuma a gwajinsu basu ga ƙarin ƙarfi ko auki ba, ashe ba mu kaɗai ba ne.

Amma fa ja yana da ranarsa, kuma na gani da idona. Wani abokin aikina yana da BMW mai turbo, a murfin tankinta 95 aka rubuta. Iyalinsa da nawa muka shirya zuwa Ɗa'if shan iska lokacin zafi, shi baya jin daɗin jikinsa yace in tuƙa, muka ɗauki tasa mu maza da yara manya, mota cike. A wani gidan mai a hanya na ce wa yaron ahmar na shiga shago sayen ruwa, ina fitowa naga kan famfo kore a jikin motar, har ya kusa cikawa, kuma dama tankin ya kusa ƙarewa. Raina ya ɓaci ƙwarai don motar amana ce a hannuna. Yaron ya rikice yana ba da haƙuri, abokina yace a bar shi, mu tafi a hankali. Daga gidan man har gindin dutse ba zaka ce an canja komai ba. Da muka fara hawan Hada, wannan hanya mai lanƙwasa da birai suke zama a gefenta, wadda zata ɗaga ka har kusan mita 2000 sama da teku, nan na ji bambanci. Motar da na sani da ka ɗan taɓa ta zabura sai ta zama mai nauyi, ka taka tayi kamar tana shawara, giya tana ta sauka tana hawa. Babu ƙarar tsakuwa, babu fitilar cek inji, amma ƙarfin nan nata ya ragu a fili kuma mai ya tafi fiye da yadda mai ita ya saba gani.

Dalilin shi ne motocin yanzu suna da wani ɗan kunne a jikin inji da ke sauraron wannan ƙarar tun kafin kai ka ji, yana ji sai ya gaya wa kwamfutar motar, wadda makanikai suke ce wa birenbos, ita kuma sai ta jinkirta tartsatsin fulogi, mai turbo ma ta rage iskar da take cusawa. Inji ya tsira amma ƙarfi ya ragu, mai kuma ya ƙaru. Don haka tanki ɗaya na kuskure ba zai kashe maka mota ba, kar ka bari wani ya tsorata ka yace sai an sauke tanki an wanke, wannan sai in dizal aka zuba maka a motar fetur, shi kam ko kunnawa kar kayi. Mu abin da muka yi, da tanki ya zo rabi muka cika da ja, kuma haɗa su ba laifi, rabi da rabi yana baka wajen 93, a sha na gaba ta dawo yadda take. Amma wanda motarsa 95 aka rubuta mata ya mayar da kore abincinta na kullum don tsimin halala 15, a zafin Makka da ke haura digiri 45, ni ina ganin ganganci ne, abin da ya tara a famfo zai mayar da shi a yawan shan mai, in ma bai kai shi warsha ba. Darasin da na ɗauka a wannan tafiyar kuma, bana barin wajen famfo sai naga kalar da aka ɗauko.

Na sake hawa Hada da Camry ɗina daga baya, sau ɗaya da ja sau ɗaya da kore, don in yi wa Kawu adalci. In akwai inda zan ce na ji wani ɗan abu to nan ne, da ja kamar ta ɗan fi sakewa a lanƙwasar da ta fi tsayi, da rana tsaka mota cike da mutane. Ɗan kaɗan ne, irin wanda in ba kana nema ba ba zaka lura ba, kuma yana iya yiwuwa kunnen nan ne yake ɗan ja da tartsatsi baya a kore saboda zafi da nauyi. Sau nawa nake hawa Hada a shekara? Biyu ko uku. Ba zan biya riyal ɗari huɗu da wani abu saboda wannan ba.

Akwai wani ruɗani kuma da ya shafi 'yan gida kai tsaye, kuma shi ya fi ci min rai. Ƙanena a Kano ya sayi Mercedes C300 'yar Amurka, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, ya turo min hoton cikin murfin tankin yana murna yace, "Yaya ka ga 91 aka rubuta, ai irin naka ne na kore, ba matsala kenan." Nace masa tsaya, wannan 91 ɗin ba namu bane. Amurka da Kanada ba irin awonmu suke liƙawa a famfo ba. Mu nan da Turai da Najeriya awon da ake kira RON ake amfani da shi, su kuma suna haɗa RON da wani awo mai tsanani da ake kira MON su raba biyu, shi yasa lambarsu take ƙasa da tamu da kamar 4 zuwa 5. Wato 87 ɗinsu shi ne kusan 91 namu, 91 ɗinsu kuma shi ne 95 namu, 93 ɗinsu yana kai wajen 98. Toh motar da aka kawo daga Amurka aka rubuta mata 87, kamar yawancin Corolla da Camry da Accord, kore ya ishe ta. Wadda aka rubuta wa 91 da kalmar premium a gefe, ja take nufi. Shi kuma yana Kano inda babu ja babu kore, fetur aji ɗaya ake sayarwa kuma ƙa'idarsa 91 ne a awon RON, wannan ma in ka sha a gidan mai na ƙwarai kenan ba a jarkar 'yan bumburutu da baka san me aka gauraya ba. Yace, "To Yaya yanzu ya zan yi?" Nace ka riga ka saya, zata yi tafiya, kwamfutarta zata riƙa kare ta, amma ka daina yi mata tuƙin yara, kar ka riƙa maƙure totur da rana a watan Afrilu, ka kula da lagireto da fanka kamar idonka don zafi yana ƙara wannan matsalar, fulogi ka sa na asali, kuma duk ranar da ka ji ƙarar tsakuwa ka ɗaga ƙafa. Da ya tambaye ni kafin ya biya kuɗi da na ce ya duba murfin tanki kafin ya duba kujerun fata.

Ya kuma tambaye ni 'yan kwalaben nan da ake sayarwa a shagon kayan mota wai suna ƙara oktan. Nan ma akwai su a kowane gidan mai. Ni ban ba shi shawarar ya dogara da su ba, don da yawa in sun rubuta suna ƙara maki kaza, makin nan kashi ɗaya cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, wato kwalba guda ta ɗaga 91 zuwa 91 da ɗigo wani abu, ina 95 take. Masu ɗan tasirin kuma galibi sinadarin manganis ne a ciki, yana barin jan datti kamar tsatsa a kan fulogi in an daɗe ana zubawa. A da can dalma ake zuba wa fetur don wannan aikin, tun 1921 aka gano tana hana ƙarar, aka shekara da shekaru ana shaƙar gubarta kafin a hana, Aljeriya ce ƙasar ƙarshe da ta daina a 2021, don haka ni duk abin da aka ce in tsiyaya a tanki ban san me ke ciki ba ina jin tsoronsa.

In za a ce in yi wa ja hukunci a matsayina na wanda ya saya da kuɗinsa wata huɗu, man ba shi da aibu ko kaɗan, bai ɓata min komai ba, wanda yake tsoron wai 95 yana ƙona injin ƙaramar mota ya kwantar da hankalinsa, wannan ma ba gaskiya bace. A motar abokina dole ne, kuma ya cancanci kuɗinsa. A tawa kuwa bai ƙara min ko kilomitan da zan nuna wa wani ba, na koma kore kuma a nan zan zauna.

Na koma Makka da littafin nawa na nuna wa Kawu, ya sa tabarau ya bi layi-layi, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan yace in zo, ya kai ni bayan gida inda tsohuwar Cressida ɗinsa take, mai kafireta, wadda ya ƙi rabuwa da ita. Yace, "Wannan in na zuba mata kore, daga nan zuwa unguwar Aziziyya sai ka ji tana ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa. Da ja kuwa shiru. Wannan ma zuciyata ce?" Nace a'a Kawu, wannan gaskiyarka ce. Motar bata da kunnen nan balle kwamfutar da zata gyara mata tartsatsi, ga shekaru, baƙin dattin da ya taru a kan fistin ya rage fili ya ƙara matsi kuma yana riƙe zafi, irin wannan inji yana iya neman oktan fiye da ranar da ya fito daga kamfani. Sannan na tuna kore ma sai a farkon 2007 aka fara sayar da shi a ƙasar nan, kafin nan 95 ne kawai a famfo, wato duk makanikin da ya saita mata wuta a waɗancan shekarun a kan ja ya saita. Kawu ya gwada kore a motar da ba za ta iya da shi ba, ya ji ƙara da kunnensa, ya yanke hukunci a kan kore gaba ɗaya, kuma shekara kusan ashirin yana gaya wa duk wanda ya zo daga gida.

Yace, "To kai zuba korenka, ni ka bar ni da jana." Nace na yarda Kawu, amma ka bani ita ranar Asabar in kai ta warsha a duba saitin wutar a ga ko ya yi gaba da yawa, a duba fulogi da ruwan lagireto. Ya ɗan yi shiru, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko min makullin, yace in na zo ɗauka in taho da yaran su gaishe da Gwaggonsu.